Ni da Garayata a Ƙauyen Makaho O'Carolan

Na daɗe ina kaɗa garaya a ɗaki, ƙofa a rufe. Garayar tawa irin ta Turawa ce mai kusurwa uku, wadda ake jingina wa kafaɗar dama a kaɗa da hannu biyu, tsirkiya 34 gare ta. In ni kaɗai ce, yatsuna sun san hanyarsu ko da na rufe ido. Amma da zarar 'yan mutane sun zauna sun zuba mini ido, sai hannu ya ɗauki rawa, yawu ya ƙafe, kiɗan da na haddace ya bi iska. Kwarjinin taro ya sa na sha mayar da gayyata, kuma abin yana ci mini rai, domin na san kiɗan da ba a ji ba bai kai inda aka aike shi ba.

Malamata da ke koya mini ta intanet ce ta kawo shawarar tafiyar. Ta ce akwai wani ƙauye a yankin Roscommon na ƙasar Ireland, sunansa Keadue, inda tun 1978 ake bikin garaya a farkon watan Agusta don tunawa da Turlough O'Carolan, wani shahararren makahon makaɗin garaya na ƙasar. Ana haɗa bikin da darussa, masu koyo kuma su samu damar kaɗawa a gaban jama'a. "Ki je inda garaya ba baƙuwa ba ce," in ji ta. "A can babu wanda zai tsaya kallon kayan kiɗan, kunne kawai za su ba ki."

Ireland tana cikin Tarayyar Turai amma ba ta cikin yankin Schengen, inda biza ɗaya ke shigar da mutum ƙasashen Turai da dama, don haka bizarta daban take, kuma sai da na haɗa takardar shaidar rajista da ta masauki da tikitin dawowa. Wannan duk mai sauƙi ne a kan ɗaukar garayar. Na sa aka yi mata akwatin katako mai soso a ciki, na sassauta tsirkiyoyin kaɗan, na sauke libobin da ke canja sauti, na cusa tufafina a duk inda ya rage fili don kada ta motsa. A filin jirgi aka tura ni teburin kayan da suka wuce kima, kuma kuɗin da na biya mata ya kusa na kujerar mutum. Jami'an tsaro suka ce a buɗe. Ɗaya ya ɗauki makullin saiti yana jujjuya shi, sai da na ɗora shi a kan ƙusa na murɗa ya ji sautin ya tashi sannan ya yarda. Da bel ya ja akwatin ya shige bayan labulen roba, jikina ya yi sanyi, domin itacen da ke ɗauke da nauyin tsirkiyoyi masu yawa haka faɗuwa ɗaya ta ishe shi.

Jirgi biyu na hau, babu abin faɗa a kansu. A Dublin jami'in shige da fice ya dubi takarduna ya tambaye ni ko za a biya ni kuɗi a kan kiɗan, domin bizar ziyara ba ta aiki ba ce. Na ce ni ɗaliba ce, ni ma biya na yi. Ya buga hatimi. Akwatin ya fito ta wata ƙofa ta daban, na durƙusa nan tsakiyar zauren na buɗe, na shafa wuyan garayar daga sama har ƙasa ina neman tsagewa. Lafiya lau take. Alhamdulillahi.

Da na sayi ruwa aka ba ni canji, na juya kwabon yuro sai ga garaya a bayansa. Kwabon yuro na yau da kullum da Ireland ta buga duk haka yake, kuma ita ce tambarin da ke kan fasfonsu da takardun gwamnatinsu. Ban san ranar da na taɓa jin abin da na ji a wurin ba. Abin da nake ɓoyewa a ɗaki, a nan shi ne alamar ƙasa sukutum.

Na kwana a wani ƙaramin otal kusa da tashar jirgin ƙasa ta Connolly. Ɗakin ƙarami ne, da na shigar da akwatin sai da gefe nake wucewa, amma tsadarsa ta fi ta kowane masauki a duk tafiyar. Washegari na je Kwalejin Trinity, wadda aka kafa a 1592, na biya kuɗin shiga tsohon ɗakin karatunta mai tsawon mita 65. A nan garayar da aka kwaikwaya aka yi tambarin ƙasar take, cikin gilashi. Ana kiranta da sunan Sarki Brian Boru wanda ya mutu a 1014, amma masana sun ce a ƙarni na 14 ko na 15 aka sassaƙa ta. Ƙarama ce fiye da yadda na zata, itacen ya yi duhu, tsirkiyoyinta na tagulla. Na daɗe a tsaye ina kallon inda hannuwa suka goge itacen. Da yamma na taka bakin Kogin Liffey na ga gadar Samuel Beckett da aka buɗe a 2009, wadda aka gina da siffar garaya kwance, igiyoyin ƙarfe a matsayin tsirkiyoyi.

Jirgin ƙasa mai zuwa Sligo na hau, tikitin na saye shi ta intanet tun da wuri saboda ya fi araha. Wasu samari biyu suka kama mini akwatin ba tare da na roƙa ba. Muka wuce Maynooth, Mullingar da Longford, ko'ina kore shar, shanu da tumaki, yayyafi yana zuwa yana tafiya. Bayan awa biyu da wani abu na sauka a Carrick-on-Shannon. Masu masaukina, wani dattijo da matarsa, suna jirana. Dattijon bai tambayi komai ba, ya kwantar da kujerun baya, ya ce a kwantar da garayar libobi suna kallon sama, alamar ba yau ya fara ɗaukar makaɗa ba. Hanyar ƙauyen siririya ce, shingen ganye dama da hagu, tuƙi ta hannun hagu, allunan hanya da harsuna biyu, Irish da Ingilishi. Ko shingen bincike ɗaya ba mu gamu da shi ba. In mota ta taho daga gaba, ɗaya ya raɓe, su ɗaga wa juna yatsa daga kan sitiyari.

Gidan irin wanda ake ba baƙo ɗaki da karin kumallo ne. Tun daren farko na gaya wa uwar gidan ba na cin naman alade, wanda shi ne rabin kalacinsu. "Ba komai, 'yata," ta ce. Kullum da safe sai ta dama mini kunun hatsin oat, ta soya ƙwai, ta yanko burodin da take gasawa da kanta ba tare da yis ba, mai nauyi, da man shanu. Da dare dankali da kifi ko miyar ganye, shayi kuwa ba ya yankewa. Rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi, sai na riƙa duba agogo kafin na yarda dare ya yi. Sanyin da suke kira lokacin zafi ya sa na kwana da safa.

A aji aka zaunar da mu a da'ira, yara 'yan makaranta, matasa, da tsofaffin da suka fara koyo bayan ritaya, kowa da garayarsa. Babu takardar kiɗa. Malamar ajin takan kaɗa gaɓa ɗaya, mu maimaita, ta ƙara wata, har kiɗan ya haɗu. Ta ce haka aka gada, kunne zuwa kunne, kuma saura ƙiris a rasa shi. A taron makaɗan garaya na Belfast a 1792, 'yan Ireland goma ne kacal suka hallara da mutum ɗaya daga Wales, yawancinsu tsofaffi, da dama makafi. Wani saurayi ɗan shekara 19, Edward Bunting, aka ɗora wa aikin rubuta abin da suka kaɗa, kuma da rubutunsa aka tsirar da kiɗa mai yawa. A 2019 UNESCO ta sa kiɗan garayar Ireland cikin gadon al'adun duniya.

Da aka zo kowa ya kaɗa shi kaɗai, layi yana matsowa ƙirjina yana dukan uku-uku. Da ya iso kaina na ɗora yatsu, na ga babban yatsana na dama yana karkarwa a kan jar tsirkiya. Na kai ƙarshe da ƙyar. Malama ba ta ce "kin yi ƙoƙari" ba, ta matso ta kama hannuna. "Kamar ƙanƙara," ta ce. "Kin san dalili?"

Wani likita da ke ajinmu, mutum mai furfura, shi ya yi mana bayani lokacin shan shayi. Ya ce in ƙwaƙwalwa ta ɗauka akwai haɗari, jiki yakan saki sinadarin adrenalin. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya janye daga fata da yatsu ya koma manyan tsokoki, yawu ya tsaya, tafin hannu ya yi gumi. Duk shiri ne na gudu ko faɗa, kuma jiki ba ya bambanta zaki da kujeru ɗari cike da mutane. Ga mai garaya abin ya fi muni, domin babu komai tsakanin fatar yatsa da tsirkiya. Yatsu huɗu muke aiki da su a kowane hannu, ban da ƙaramin, kuma sai an ɗora su a kan tsirkiyoyi kafin a ja. Yatsa mai sanyi ba ya jin inda yake, mai gumi kuma zamewa yake. Ya ce numfashin da ake fitarwa a hankali, ya fi wanda aka shaƙa tsawo, yana rage gudun zuciya. Ya kuma ce kada in ɗauka cutar masu koyo ce. Vladimir Horowitz, ɗaya daga cikin manyan makaɗan fiyano na ƙarni na 20, ya ƙaurace wa dandamali daga 1953 har 1965. Wani bincike da aka yi kan makaɗan manyan ƙungiyoyin kiɗa na Amurka a 1987 ya nuna kashi 27 cikin ɗari sun taɓa shan maganin rage bugun zuciya saboda fargabar wasa. Ya ja kunnenmu cewa maganin ba na sha da ka ba ne, musamman ga mai asma. Ni dai ban ga laifin wanda likita ya rubuta wa ba, amma ba shi na zo nema ba.

Abin da Malama ta ba ni aiki ne na hannu. Ta sa na raba kiɗan gida-gida, na sa wa kowane gida ƙofa, sannan ta riƙa kiran ƙofa a bazata in fara daga nan. Ta ce wanda ya san kiɗa daga farko kawai, in ya yi tuntuɓe a tsakiya ba shi da wurin komawa. Ta sa na hau matakala da gudu na sauko, na zauna ina haki na kaɗa, don yatsu su saba aiki zuciya na bugawa. Ta hana ni tsayawa in sauti ya kuɓuce. "Ke kin san abin da ya kamata ya fito, su ba su sani ba. In kin tsaya, ke kika gaya musu." Daga ƙarshe ta ce duk dare in kaɗa wa wani, ko waye.

Haka na fara kaɗa wa masu masaukina a kicin bayan cin abinci. Daren farko hannuna ya yi rawa a gaban mutum biyu da kare. Dattijon ya rufe ido yana buga ƙafa a hankali, matar tana goge kwanuka. Washegari maƙwabciya ta shigo, jibi ta zo da jikokinta. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Rawar hannun ba ta daina ba, amma ta daina ba ni mamaki, kuma na lura tana lafawa da kanta in na wuce gaɓoɓin farko.

Ana gobe wasa dattijon ya kai ni tsohuwar maƙabartar Kilronan, gefen tafkin Meelagh, inda kabarin O'Carolan yake. A hanya ya ba ni tarihinsa kamar yana maganar kakansa. An haife shi a 1670 kusa da Nobber a yankin Meath. Yana ɗan shekara 18 agana ta makantar da shi. Uwargidan iyalin MacDermott Roe ta sa aka koya masa garaya shekara uku, sannan ta ba shi doki da ɗan jagora da guzuri. Ya yi kusan shekara 50 yana yawo gida-gida, kuma a gidan wannan baiwar Allah ya dawo ya rasu a 1738. Kiɗansa sama da 200 sun iso gare mu, da yawansu suna ɗauke da sunan mutumin da aka yi wa: maigidan da ya sauke shi, amarya, ko wata uwargida da ta kyautata masa.

Wannan batu na ƙarshe shi ya tsaya mini a rai a gaban kabarin. Kiɗan da zan yi gobe nasa ne, kuma asalinsa tukwici ne ga wani mutum da ya yi masa karamci. Mai shi bai taɓa ganin fuskar masu sauraronsa ba. Ni kuwa duk shekarun nan in na zauna gaban mutane, kaina nake kallo ta cikin idanunsu: yaya na zauna, sun ga hannuna, me za su ce. Hankalin da ya kamata ya tafi ga kiɗa da wanda ake yi wa, ni na cinye shi. Na yanke shawara a wurin cewa gobe uwar masaukina zan kaɗa wa, ita da ta tashi da asuba tana dama mini kunu.

Da safiyar ranar na buɗe mayafin garayar na tarar tsirkiya ɗaya ta tsinke cikin dare, a tsakiya, inda hannun dama ya fi aiki. Tsirkiyar hanji ba ta son sauyin laima, kuma garin kwana ya yi ana ruwa. Cikina ya ɗuri ruwa. Ina da ta canji, na ƙulla na zura na ɗaure, amma duk mai garaya ya san sabuwar tsirkiya tana kwanaki tana miƙewa, kana saita ta tana sauka. Na yini ina ja mata kunne da makulli. Wata yarinya 'yar ajinmu ta ce in ɗauki tata garayar, na yi mata godiya na ƙi, domin tazarar tsirkiyoyi takan bambanta kuma yatsuna tawa suka sani.

Zauren ƙarami ne, kujerun roba, ya cika har da na tsaye. A bayan labule Malama ta kawo mini kofin ruwan ɗumi ta ce in riƙe da hannu biyu. Na riƙe, ina shaƙar numfashi ina fitarwa a hankali kamar yadda likita ya nuna. Ina jin na gabana yana kaɗawa, ina jin tafi, sai na ji sunana. Ƙafafuna suka kai ni, ban san yadda aka yi ba. Na zauna, na jawo garayar kafaɗata, na duba libobi ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa sabuwar tsirkiyar, ta sauka.

Shirun zaure shi na fi tsoro a duniya, ga shi dole in zauna a cikinsa. Na ɗaga kai na ce musu tsirkiyar ta yau ce, su ba ni minti ɗaya. Wani tsoho daga baya ya ce, "Ɗauki biyu, 'yata," aka yi dariya mai daɗi. Na ɗora makulli, na kara kunne jikin itacen, na ja tsirkiyar tare da 'yar'uwarta ta ƙasa, ina murɗawa kaɗan-kaɗan har sautukan biyu suka daina faɗa da juna suka zama ɗaya. Aikin da na yi sau babu adadi ne a ɗakina, kuma kafin na gama kunnena ya riga ya bar mutane ya koma kan sauti. Na nemi uwar masaukina da ido, tana layi na uku da jakarta a cinya. Na fitar da numfashi na fara.

Gaɓoɓin farko hannun dama yana rawa, ina ganinsa. Na bar shi ya yi, na bi hannun hagu da ke tafiya daram a manyan tsirkiyoyi, ina jin amonsu yana ratsa itacen ya shiga ƙashin kafaɗata. Da na isa ƙofa ta biyu yatsuna sun yi ɗumi. A zagaye na biyu sabuwar tsirkiyar ta fara sauka, na riƙa taɓa ta da sauƙi ina wucewa. Can na ji wani abu da ban taɓa ji a ɗaki ba: ƙafafu suna buga daɓen katako a hankali, daidai da kiɗan, wani kuma yana bin karin da hanci. Sun san kiɗan tun suna yara. Ba jarrabawa suka zo yi mini ba, tare muke tafiya. Na rage gudu a gaɓar ƙarshe, na ja sautin ƙarshe, na ɗora tafukana biyu a kan tsirkiyoyi na kashe amon.

Da tafin ya tashi sai gwiwoyina suka ɗauki rawar da hannuwa suka ajiye, da ƙyar na miƙe na rusuna. A bayan labule Malama ta kama hannuna kamar ranar farko, ta ce, "Yau da ɗumi." Uwar masaukina ta rungume ni tana share ido, na gaya mata ita na yi wa. Daren nan a kicin aka taru da goge da sarewa, aka sa ni tsakiya, muka kai sha biyu.

Dawowa ta bi hanyar zuwa: mota zuwa Carrick-on-Shannon, jirgin ƙasa zuwa Connolly, bas zuwa filin jirgi, da wani biyan na akwatin. In na haɗa lissafi, tikitin jirgi da dakon garaya su suka ci mafi yawan kuɗin, sai daren Dublin. Kuɗin darussa da masaukin ƙauye ba su taka kara sun karya ba, kuma dattijon ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Wanda zai je, shawarata ya tambaya tun da wuri ko zai samu hayar garaya a can, ya kuma riƙe tsirkiyoyin canji da makulli a jakar hannu.

Garayar ta iso gida lafiya, duk tsirkiyoyin sun sauka, na yi mako ina saita su. Akwai wata makaranta da ta daɗe tana roƙona in zo in kaɗa wa ɗalibanta ina kawo uzuri. Na kira shugabar na ce zan zo wata mai kamawa. Da na ajiye wayar hannuna ya yi sanyi, sai na ɗauko takarda na fara raba kiɗan da zan yi musu gida-gida.